Kilo Ɗaya da Rabi

Shekara ashirin ina awo a Singa,
sukari, fulawa, shinkafar gida,
ban taɓa tauye mudun kowa ba.
Hannuna ya san nauyin rabin kilo
tun allurar sikeli ba ta motsa ba.
Amma abin da ya kwanta a kwiɓina na dama
yana girma a ɓoye, shi kam ban auna ba.

Na ce ɗaukar buhu ce.
Uwani ta ce sanyi ne, ta dafa mini saiwa.
Haladu na rumfar gaba ya ce basir,
ya kawo jarka daga Ƙofar Wambai,
na sha har harshena ya yi baƙi.
Sai wata Laraba, gab da azahar,
na ga fitsarina ja kamar zoɓo.
Na daɗe tsugune riƙe da buta,
ladan yana kira, ban iya tashi ba.

A asibiti aka shafa mini mai mai sanyi.
Yarinyar da ke ɗaukar hoto tana ta hira,
can ta yi shiru.
Ta ce, "Baba, sai an ƙara wani hoton."
Injin ya haɗiye ni kamar burodi a tanda,
riƙe numfashi, saki, sake riƙewa.
Ribar wata guda ta tafi a takarda ɗaya.

Dakta Rufa'i ya juyo mini kwamfuta.
"Ga ƙodarka. Ga baƙon da ya hau kanta,
ya ninka ta girma."
Na ce, "Daji ne?" Bakina ya riga ni.
Ya ce, "Dubi wannan duhun, kitse ne,
kitse da tsoka da jijiyoyin jini a cakuɗe.
Irinsa ba ya yawo a jiki,
ba ya zuwa hanta, ba ya hawa huhu.
Sai dai tulu ne mai tsaga, Malam Tasi'u,
in ya fashe, ciki zai zubar, ba ka gani.
Da ƙarami ne, da mun sa masa ido kawai.
Wannan ya wuce a zuba masa ido."

Na tambaye shi ƙodar fa?
Ya ce za su yi mini ciniki da wuƙa,
abin da ya ceto, nawa ne.

’Yan layinmu huɗu suka ba da jini,
har da Sale ɗan dako, wanda nake bi bashi.
Uwani ta kai ’yan kunnenta kasuwar Rimi,
ta dawo da mayafi ja har wuya
don kada in ga kunnuwan.
Na gani.

Fitilar ɗakin tiyata, ƙanshin magani,
wata murya ta ce in ƙirga zuwa goma.
Ni da ke ƙirga buhu ɗari ban yi kuskure ba,
a huɗu na tsaya.

Da na farka, roba a hanci, roba a gefe,
maƙogwaro busasshe kamar tsohon buhu,
abin da na fara tambaya: nawa ya yi?
Nas ta yi dariya ta duba fayil.
"Kilo ɗaya da rabi.
An bar maka fiye da rabin ƙodarka."

Mako biyu muna jiran ɗakin gwaji,
Uwani ba ta ƙoshi da barci ba.
Takardar ta zo: ba daji ba ne.
Ta zauna a bencin asibiti ta yi kukan
da ta hana kanta tun farkon damina.

Yau na koma rumfa, ɗinki na ja kaɗan,
an hana ni ɗaga buhu.
Wata tsohuwa ta ce in auna mata sukari,
kilo ɗaya da rabi.
Na ƙulla ledar, na riƙe ta a tafina,
na daɗe ban miƙa ba.
Ta ce, "Lafiya, ɗan nan?"
Na ce, "Lafiya lau, Hajiya,"
na ƙara mata gyara.